Taurin jijiya da cushewar jijiya: Ina bambancin yake?

A garuruwan Gwarzo da Kabo da ke yammacin jihar Kano, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, ba baƙon abu ba ne a ji cewa magidanci ya kwanta lafiya ƙalau, amma gari ya waye bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na ɓangare guda sun daina motsi.

Idan aka garzaya da shi asibiti, abin da dangi suka fi ji daga bakin likita shi ne jijiyoyin jininsa ne suka samu matsala.

Sai dai wannan magana ta ƙunshi cututtuka fiye da ɗaya. Likitoci na da wasu sunaye biyu masu kama da juna ƙwarai, wato ateriyosikilarosis da aterosikilarosis, waɗanda hatta ɗaliban aikin lafiya kan rikita su a farkon karatu.

Na farkon yana nufin taurin jijiyar jini kowane iri ne. Na biyun kuwa yana nufin cushewar jijiya sakamakon taruwar kitse a jikin bangonta.

Sanin bambancin yana da muhimmanci ga mutumin Gwarzo ko Kabo, domin binciken da aka gudanar a Afirka ta Yamma ya nuna cewa nau'in da ya fi yin ɓarna a yankin ya sha bamban da wanda ya fi addabar Turawa.

Wace jijiya ake nufi?

Kalmar jijiya a Hausa tana da faɗi. Da ita ake kiran hanyar jini, da ita ake kiran zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, da ita kuma ake kiran abin da ke ɗaure tsoka da ƙashi.

Wadda ake magana a kanta a nan ita ce jijiyar da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa sassan jiki, wadda ake jin bugunta idan aka ɗora yatsa a wuyan hannu.

Bangon wannan jijiya hawa uku ne. Akwai shimfiɗar ciki mai santsi wadda jini ke gudana a kanta, akwai hawa na tsakiya mai tsoka da zare mai talewa kamar roba, sannan akwai rigar waje da ke riƙe da su.

Duk lokacin da zuciya ta harba jini, lafiyayyar jijiya kan buɗe ta karɓe shi, sannan ta tsuke ta tura shi gaba. Zuciyar baligi na yin wannan harbi kimanin sau dubu 100 a kowace rana.

Manoman rani da ke ban ruwa a gefen madatsar ruwa ta Guzu-Guzu a ƙaramar hukumar Kabo sun san hanyoyi biyu da tiyo ke lalacewa. Wani rana ce ke dukansa har ya bushe ya ƙandare, ya daina lanƙwasuwa, daga bisani ya tsage. Wani kuma laka ce ke taruwa a cikinsa har ruwa ya kasa wucewa.

Na farkon shi ne kwatankwacin taurin jijiya, na biyun kuma cushewarta.

Asalin sunayen biyu

Dukkan kalmomin biyu daga harshen Girkanci aka samo su, kuma ƙarshensu ɗaya ne, ma'anarsa taurarewa.

Wani likita mai binciken gawa a birnin Strasbourg na Faransa, Jean Lobstein, shi ne ya ƙirƙiro kalmar ateriyosikilarosis a littafin da ya wallafa tsakanin shekarar 1829 da 1833, bayan da ya lura cewa jijiyoyin wasu tsofaffi sun yi kauri sun taurare.

A shekarar 1904 ne wani masani Bajamushe a birnin Leipzig, Felix Marchand, ya fito da kalma ta biyu. Farkon kalmar tasa na nufin kunu ko fate a Girkanci, saboda idan aka tsaga irin wannan jijiya akan tarar da wani abu rawaya mai laushi kamar kunu a jikin bangonta.

A ƙa'idar likitanci ta yau, ateriyosikilarosis shi ne babban suna da ya haɗa nau'o'i uku, kuma cushewar jijiya da kitse ɗaya ce daga cikinsu.

Abin ya yi kama da zazzaɓi da zazzaɓin cizon sauro. Mai cutar cizon sauro yana da zazzaɓi, amma ba kowane mai zazzaɓi ne sauro ya cije shi ba, kuma maganin wannan ba lallai ya yi wa wancan aiki ba.

Nau'i na farko: cushewa da kitse

Wannan nau'i manyan jijiyoyi da matsakaita yake kamawa, musamman waɗanda ke ciyar da tsokar zuciya, da na wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa, da na ƙafafu.

Cutar kan fara ne idan shimfiɗar ciki ta samu rauni, galibi saboda hayaƙin taba, ko hawan jini, ko yawan sukari a jini.

Daga nan wani nau'in maiƙo da ke yawo a jini, wanda ake kira kolestarol na LDL, sai ya kutsa ƙarƙashin shimfiɗar. Ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su biyo shi su haɗiye, su kumbura, su mutu a wurin.

A nan ne kwatancen tiyo ya gaza, domin kitsen ba a cikin ramin jijiyar yake kwanciya ba. A cikin bangon yake taruwa kamar maruru a ƙarƙashin fata, yana turo shimfiɗar yana rage hanyar jini.

Wannan aiki yakan ɗauki shekaru 20 ko 30 ba tare da mutum ya ji komai ba. Sau da yawa alama ba ta bayyana sai hanyar ta tsuke da kusan kashi 70 cikin 100.

A lokacin ne mutum zai fara jin nauyi ko matsi a ƙirji idan ya yi sauri ko ya ɗauki kaya, ya lafa idan ya huta. Idan a ƙafa ne, sai ɗan maraƙin ƙafar ya riƙa ciwo bayan ɗan tattaki, har sai an tsaya.

Babban haɗarin shi ne marurun ya fashe. Idan haka ta faru, jini kan daskare a wurin nan take ya toshe hanyar baki ɗaya. Idan jijiyar zuciya ce, wani sashe na tsokar zuciyar ya mutu. Idan ta wuya ce, gudan jinin ya wuce ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki.

Masanin da ya fara danganta cutar da kolestarol shi ne Nikolai Anichkov na birnin St Petersburg a Rasha, wanda a 1913 ya ciyar da zomaye wannan maiƙo, ya kuma ga jijiyoyinsu sun cushe.

Cutar kuma tsohuwa ce. Wani bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2013 ya duba gawarwaki 137 na mutanen da, ciki har da na tsohuwar Masar, ya kuma samu alamunta a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku.

Haka kuma ba ta jiran tsufa. A 1953 likitocin Amurka da suka binciki gawarwakin sojojinsu 300 da aka kashe a yaƙin Koriya sun tarar da alamun cutar a jijiyoyin zuciyar fiye da kashi 70 cikin 100, alhali matsakaicin shekarunsu 22 ne kacal.

Nau'i na biyu: taurin ƙananan jijiyoyi

Wannan nau'i yana kama ƙananan jijiyoyi ne, waɗanda wasunsu ba su kai kaurin silin gashi ba, da ke cikin ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido.

Babban dalilinsa shi ne hawan jini da ya daɗe ba a kula da shi ba, sai kuma ciwon sukari. Ba a buƙatar kitse kafin ya auku, don haka siririn mutum ma yana iya kamuwa.

Idan jini ya shekara da shekaru yana dukan bangon ƙaramar jijiya da ƙarfi, sai bangon ya yi kauri don ya kare kansa, kamar yadda hannun manomi ke yin kanta saboda riƙon fartanya. Kaurin kuma shi ne ke tsuke hanyar.

Idan hawan jinin ya yi tsanani sosai, bangon kan yi hawa-hawa, wanda masu duba shi a madubin likita ke kwatantawa da ɓawon albasa.

Sakamakon iri uku ne. Ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa tana iya toshewa, wani ɗan wuri ya mutu. Tana iya fashewa, jini ya malala cikin ƙwaƙwalwar. A ƙoda kuwa, matatun jini kan mutu ɗaya bayan ɗaya har a kai ga buƙatar wankin ƙoda.

Toshewar ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a kai a kai tana kuma cikin abubuwan da ke kawo mantuwa da rikicewar tunani ga tsofaffi, abin da akan ɗauka rikicin tsufa ne kawai.

Nau'i na uku, da rawar da tsufa ke takawa

Nau'i na ukun sunan wani likitan Jamus, Johann Mönckeberg, aka sa masa, wanda ya bayyana shi a 1903.

A nan sinadarin kalsiyam, wanda ke gina ƙashi, shi ne ke taruwa a hawa na tsakiya, har jijiyar ta yi tauri kamar bututu. An fi ganinsa ga waɗanda suka haura shekara 50, da masu ciwon sukari, da masu ciwon ƙoda.

Yawanci ba ya tsuke hanyar jini, kuma sau da dama ba a gano shi sai an ɗauki hoton ƙashi saboda wani dalili na daban.

Baya ga waɗannan, tsufa kansa yana rage talewar manyan jijiyoyi. Shi ya sa ake samun dattijo da lambar sama ta awon jininsa ta kai 170, ta ƙasa kuma tana 70. Wannan tazara mai faɗi alama ce ta cewa jijiyoyin sun daina buɗewa su karɓi jini yadda ya kamata, kuma likitoci na ɗaukarta a matsayin hawan jini da ke buƙatar magani.

Wanne ya fi ɓarna a ƙasar Hausa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun hallaka mutum miliyan 17 da dubu 900 a shekarar 2019, wato kusan kashi 32 cikin 100 na dukkan mace-macen duniya. Fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan a ƙasashe masu tasowa suke.

A Turai da Amurka, cushewar jijiyoyin zuciya da kitse ita ce kan gaba. A Afirka kudu da Sahara kuwa, alƙaluman da ake da su na nuna wani hoto dabam.

A 2012 an wallafa sakamakon wani bincike kan marasa lafiya kusan dubu ɗaya da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na cikin cibiyoyin da suka shiga, ta hannun Farfesa Mahmoud Sani na Jami'ar Bayero.

Binciken ya gano cewa hawan jini ne musabbabin kusan kashi 45 cikin 100, yayin da cushewar jijiyoyin zuciya ba ta kai kashi 10 ba. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar 52 ne, wato mutanen da ke tsakiyar ɗaukar nauyin iyali.

Wani babban binciken mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, ya duba mutane fiye da dubu biyu da suka samu shanyewar ɓarin jiki.

Sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna cewa kashi 32 cikin 100 fashewar jijiya ce a ƙwaƙwalwa ta kayar da su, adadin da ya ninka abin da ake gani a Turai. Hawan jini ne kuma ya yi wa dukkan sauran dalilai fintinkau, inda aka danganta kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin da shi.

Ko a cikin waɗanda toshewa ce ta kama su, masu binciken sun gano cewa toshewar ƙananan jijiyoyi ta fi ta manyan yawa.

Ma'anar wannan ga manomi a Getso ko ɗan kasuwa a Garo ita ce, rashin ƙiba da yawan aikin ƙarfi ba su isa su zama kariya ba. Mutum na iya zama ba shi da tumbi, ba ya cin maiƙo da yawa, amma hawan jini na taurara ƙananan jijiyoyinsa a ɓoye.

Wannan ba ya nufin cushewa da kitse ba ta shafi yankin ba. Likitocin zuciya a Nijeriya sun jima suna bayyana cewa tana ƙaruwa, musamman a birane, yayin da zaman ofis da hawan babur da lemon kwalba da soye-soye ke maye gurbin tsohuwar rayuwa.

Haɗarin maganin kai-da-kai

Inda bambancin ya fi zama batun rai da mutuwa shi ne a sa'o'in farko bayan mutum ya faɗi.

Alamun toshewar jijiya a ƙwaƙwalwa da na fashewarta kusan iri ɗaya ne: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, da sarƙewar magana. Hatta ƙwararren likita ba ya iya rarrabe su da tabbaci sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar CT.

Ƙwayar asfirin, wadda ke hana jini daskarewa, tana taimakon wanda jijiyarsa ta toshe. Amma idan aka bai wa wanda tasa ta fashe, tana iya ƙara zubar jinin. Don haka likitoci ke gargaɗin kada a ba marar lafiya ita, ko a ɗura masa ruwa ko jiƙo a baki, tunda yana iya shaƙewa.

Tsakanin Gwarzo da birnin Kano, inda manyan asibitoci irin su na Malam Aminu Kano suke, akwai tafiyar kimanin kilomita 70. Allurar da ke narkar da gudan jini, a inda ake da ita, tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko kawai.

A ƙauyuka da dama har yanzu akan danganta faɗuwar farat ɗaya da bugun iska ko sammu, a kwana biyu ko uku ana magani a gida. Ma'aikatan lafiya na jan hankali cewa addu'a ba ta hana ɗaukar marar lafiya zuwa Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa a wannan sa'ar, inda za a daidaita shi a kuma tura shi gaba idan da buƙata.

Magani da rigakafi

Tunda dalilan sun bambanta, gwaji da magani ma sun bambanta.

Ga taurin ƙananan jijiyoyi, matakin farko shi ne awon jini. Idan an auna a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 bisa 90 ko fiye, ana ɗaukar mutum yana da hawan jini. Akan biyo da gwajin sukari da na fitsari don duba lafiyar ƙoda.

Maganin hawan jini, irin su ƙwayar amlodifin, ba a shansa kamar na zazzaɓi. Ana shansa ne kullum, ko da mutum yana jin garau, domin da zarar an daina jinin zai sake hawa. Masu azumin watan Ramadan na iya neman likita ya daidaita musu lokacin sha zuwa sahur ko buɗa-baki.

Ga cushewa da kitse kuwa, ana gwada yawan kolestarol a jini, kuma akwai rukunin magunguna da ake kira sitatin masu rage shi. Masanin Japan Akira Endo ne ya gano na farkonsu a 1973 daga wani nau'in funfuna. Idan hanya ta tsuke sosai, akan buɗe ta da wata 'yar raga ta ƙarfe, ko a yi tiyata a kewaye wurin.

Akwai kuma matakan da ke kare mutum daga nau'o'in biyu. WHO ta ba da shawarar kada baligi ya ci gishirin da ya kai giram biyar a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi guda. Lissafin ya haɗa da dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya, da yajin tsire, da kanwa, domin duk suna ɗauke da sinadarin da ke hawar da jini.

Binciken SIREN ya gano cewa masu cin ganye a kai a kai sun fi samun kariya, yayin da yawan cin nama da barbaɗa gishiri a kan abinci ke ƙara haɗari. Zogale da rama da alayyahu da yakuwa kuwa ba su da wuyar samu a kasuwannin yankin.

Barin taba sigari da shisha na cikin matakai mafi tasiri. Hukumar ta kuma lissafa hayaƙin itacen girki a cikin abubuwan da ke lahanta jijiyoyin jini, lamarin da ya fi shafar mata.

A ɓangaren hukumomi, a 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da WHO da ƙungiyar Resolve to Save Lives, ta ƙaddamar da shirin shawo kan hawan jini a ƙananan asibitoci, aka kuma fara shi da jihohin Kano da Ogun. Manufar ita ce ma'aikatan lafiya na matakin farko su iya aunawa su ba da magani, ba sai an je birni ba.

A 2023 kuma Nijeriya ta fitar da dokar da ta taƙaita wani nau'in kitse mai illa da masana'antu ke sarrafawa zuwa giram biyu cikin kowane giram 100 na mai, wadda hukumar NAFDAC ke da alhakin aiwatarwa.

Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo na da mutane fiye da dubu 330 idan aka haɗa su, adadin da ya ƙaru sosai tun daga lokacin.

Rahoton WHO na 2023 ya ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta dace.

Jijiyar da ta riga ta taurare ba ta komawa yadda take, amma ana iya dakatar da ɓarnar idan an gano ta da wuri. Awon da ke gano ta kuwa ba ya ɗaukar minti biyar a asibitin sha-ka-tafi, kuma shawarar masana ita ce duk baligi, musamman wanda ya kai shekara 40, ya riƙa yinsa aƙalla sau ɗaya a shekara.